Lamba, adadi da mazubi: amsoshin masu koyon shirya manhaja

Tambaya: Malam, wace kalmar Hausa ce ta dace da "bariyabul"?

Mazubi. Sunansa yana nan yadda yake, abin da ke ciki ne ke canzawa. Idan ka rubuta shekaru = 20, ka zuba 20 ke nan a mazubin da ake kira shekaru. Ku daina karanta alamar = da "daidai yake da"; a nan "zuba" take nufi. Mai tambayar ko abu biyu daidai suke, == yake rubutawa.

Tambaya: Malam, a yaren shirya manhaja na Python na sa a shigar da 5 da 3 a tara su, sai kwamfuta ta ba ni 53. Me ya jawo?

Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane. Duk abin da input(), mai karɓar abin da aka shigar, ta karɓa, rubutu ne, wato str, ko da ya yi kama da adadi. Idan aka sa + tsakanin rubutu biyu, manna su ake yi, shi ya sa "5" da "3" suka zama "53". Ka nannaɗe kowanne da int(), mai juya rubutu zuwa adadi, tukuna, za ka ga 8. In ka juya ɗaya ka bar ɗaya, Python za ta tsaya da TypeError, wato saƙon kuskure cewa nau'o'in ba su dace ba.

Abin da ke damuna a nan shi ne yadda muke cakuɗa "lamba" da "adadi" a baki, har a kafafen watsa labarai. Adadi shi ne yawan abu, ana tara shi, ana raba shi. Lamba kuwa shaida ce. Wa ya taɓa tara lambar wayarsa da ta maƙwabcinsa? Wanda ya riƙe wannan bambanci ya gama rabin darasin nau'o'in bayanai. Lambar waya da ta katin shaida a str ake ajiye su. Ka gwada int("0452") ka gani: 452 za ta dawo maka, sifirin farko ya tafi, lambar ta lalace. Adadi cikakke shi ke shiga int, mai ɗigo kuma float. Shi float ɗin ma a yi hattara da shi, domin 0.1 + 0.2 yana ba da 0.30000000000000004, saboda kwamfuta da 0 da 1 take lissafi, kuma 0.1 ba ya rubutuwa cif a wannan tsari.

Tambaya: Daga ina bool ta samo suna?

Daga George Boole, masanin lissafi ɗan Ingila da ya rasu a 1864. Ita ma nau'in bayanai ce, abu biyu kawai take ɗauka: True ko False, wato gaskiya ko ƙarya.

Tambaya: Malam, zan iya sa wa mazubi sunan Hausa?

Ƙwarai, kuma suna linzami ne: adadin_ɗalibai ya fi x faɗar abin da ke ciki. Python 3 tana karɓar ƙ, ɗ da ɓ, don haka masu lalacin rubuta ƙugiya ba su da uzuri. Baki daban, baƙi daban, a wurinta ma. Haka Suna da suna mazubai biyu ne. Kada sunan ya fara da alƙalumin lissafi, kada kuma a bar fili a tsakiyarsa.