Tambaya da Amsa: Shin a kan azumi Ohsumi ya ci kyautar Nobel?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Duk sanda Ramadan ya gabato sai an turo mana saƙo a WhatsApp wai wani masani ɗan Japan ya ci kyautar Nobel don ya gano azumi na kashe ciwon daji. Mene ne gaskiyar aikinsa, kuma shi kaɗai ya yi shi? Daga wata ɗalibar kimiyya a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Mutumin nan gaskiya ne, sunansa Yoshinori Ohsumi, kuma ya karɓi Nobel ta fannin likitanci a 2016. Sai dai bai yi bincike a kan masu azumi ba. A kan yis ya yi, wanda ake kumbura kwaɓin burodi da shi.

Abin da ya bi diddigi shi ne otofaji, wato yadda ƙwayar halitta ke tattara tsofaffin kayan cikinta, ta narkar da su, ta sake amfani da su, tamkar aikin 'yan jari-bola. Wani masani ɗan Beljiyam, Christian de Duve, shi ne ya raɗa wa abin suna a 1963, amma aka shekara sama da ashirin ba a san abin da ke tafiyar da shi ba.

A 1988, yana da shekara 43, Ohsumi ya buɗe ɗan ƙaramin ɗakin bincikensa a Jami'ar Tokyo. Dabarar da ya yi tana burge ni ƙwarai. Ya samo yis ɗin da ba shi da sinadaran narkarwa a jakar da ke cikinsa, ya hana shi abinci. Tunda babu mai narkar da kayan da aka kawo, sai suka taru. Cikin 'yan awanni, da ya duba ta madubin hangen ƙananan halittu, sai ga ƙananan ƙunshi sun cika jakar suna ta wutsil-wutsil. Ya wallafa wannan a 1992. A 1993 shi da ɗalibarsa Miki Tsukada suka tace dubban nau'in yis har suka zaƙulo ƙwayoyin gado 15 da aikin ba ya yiwuwa sai da su.

Kin ga tun a nan ba shi kaɗai ba ne. Da ya koma wata cibiyar bincike a garin Okazaki a 1996, wani masani, Tamotsu Yoshimori, da wani matashin likita, Noboru Mizushima, suka haɗu da shi, kuma su ne suka tsallakar da aikin daga yis zuwa dabbobi. A 2000 ayarin Yoshimori suka bayyana furotin LC3, wanda har gobe da shi ake auna otofaji a duk duniya. A 2004 Mizushima da abokan aikinsa suka nuna cewa jariran ɓeraye da aka cire musu ƙwayar gadon otofaji mai suna Atg5 ba sa wuce kwana ɗaya da haihuwa, domin a tsakanin yankewar cibi da kankamar tsotso, daga jikinsu suke ci. A 2006 aka ga ɓerayen da aka toshe wa otofaji a ƙwaƙwalwa suna lalacewar jijiyoyi. A Amurka kuwa, marigayiya Beth Levine ce ta haɗa abin da ciwon daji a 1999 ta hanyar Beclin 1, ɗan'uwan ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon yis ɗin nan.

Batun daji shi ne inda saƙon ya fi ɓata mini rai. Gaskiya ne yunwa na tayar da otofaji, an gani a ɓeraye. Amma abin kaifi biyu ne: yana taimakawa wajen hana daji somawa, in kuwa dajin ya riga ya kafu, ƙwayoyinsa na fakewa da shi su jure yunwa da magani. Shi ya sa likitoci suka gwada toshe shi a jikin masu daji da wani magani ƙanin kulorokwin, maganin zazzaɓin cizon sauro da muka sani.

Azumi ibada ne, ba ya jiran shaidar Nobel. Don Allah, 'yata, in akwai mai daji ko ciwon suga a gidanku da wannan saƙo ya sa yake tunanin ajiye magani, ki karanta masa amsar nan, ki raka shi wurin likitansa kafin a ga wata.