Ko ya halatta in kai kamfanin da ya kore ni kotun ma'aikata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Na daɗe ina aiki a wata masana'anta, sai na yi magana kan ruwan sinadarin da suke saki yana gangarawa rafin da mutane ke sha suna kuma ban ruwa da shi, ba a jima ba aka miƙo min takardar sallama, suka riƙe albashin da nake bi da kuɗin sallamar da ke rubuce a yarjejeniyarmu. Lauya ya ce mu tafi kotun ma'aikata, mutanen bakin rafin su ma suna shirin shigar da tasu ƙarar. Amma wani abokina ya ce kai ƙara kotun da ba ta shari'ar Musulunci ba, kai hukunci ne wurin ɗagutu. Lauyan kuma ya ce za mu nema har da kuɗin ruwa. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya warware maka, ya saka maka da alheri kan maganar gaskiyar da ka faɗa.

Ɗan'uwa ya halatta ka kai ƙarar, babu laifi a kanka, kuma imaninka na nan daram. Ayar da abokinka yake nufi da maganar ɗagutu ita ce ta 60 a Suratun Nisa'i, kuma tana magana ne kan mutanen da hukuncin Allah da Manzonsa ke gabansu a buɗe, suka juya masa baya da gangan saboda sun fi son wani hukuncin. Kai kuwa ba gudu kake ba, haƙƙin da shari'a da kanta ta tabbatar maka kake nema, kuma ƙofar da hukuma ta buɗe wa irin shari'arka ke nan, in ka ƙi shiga azzalumi ne kawai zai yi dariya. Annabi Yusuf (AS) ya ƙi fita daga kurkuku sai da sarkin Masar ya binciki lamarinsa aka wanke shi, alhali sarkin ba kan addininsa yake ba. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya tsaya gaban Najjashi, sarkin Habasha, ya kare Sahabbai lokacin da Ƙuraishawa suka aiko a dawo da su. Shi ya sa malamai da yawa na wannan zamani suka ce wanda ba shi da hanyar karɓar haƙƙinsa sai ta irin wannan kotu to ya je, da sharaɗin abin da yake nema halak ɗinsa ne.

Kuma albashin ma'aikaci ba ƙaramin abu ba ne a addini. A hadisi ƙudsi da Bukhari ya ruwaito Allah ya ce mutum uku shi ne abokin husumarsu ranar ƙiyama, ciki har da wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya gama morarsa sannan ya hana shi ladansa. Ibn Majah kuma ya ruwaito a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Kuɗin sallamar da aka rubuta a yarjejeniya shi ma naka ne, Musulmi suna kan sharuɗɗan da suka ƙulla.

Amma ka fara da sulhu, Alƙur'ani ya ce sulhu alheri ne, kuma su kansu kotunan haka suke so. A Ingila sai ka fara tuntuɓar hukumar sasanci ta Acas kafin kotun ma'aikata ta saurare ka, a Faransa ma kotun ma'aikata takan fara da zaman sasantawa ne kafin a je hukunci, a Najeriya Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya danƙa wa rigingimun aiki, tana da sashen sasanci nata. Sai dai a nan akwai abin da nake so ka riƙe da kyau, irin waɗannan ƙararraki suna da wa'adi, wani wurin watanni kaɗan ne daga ranar da aka sallame ka, kuma mai ƙarfi ya san haka, sai ya yi ta ce maka dawo gobe, manaja ya yi tafiya, ana duba fayil ɗinka, har wa'adin ya wuce ka rasa bakin magana. Toh kar sunan sulhu ya sa a ja ka a ƙasa. Ka tambayi lauyanka wa'adin yau ɗin nan. Taurin bashin mawadaci zalunci ne kamar yadda Annabi (SAW) ya faɗa.

Sannan ka tattara takardunka, takardar ɗauka aiki, shaidar biyan albashi, takardar sallamar, saƙonnin da kuka yi musaya, musamman wanda ka yi ƙorafin ruwan a ciki da kwanan watansa. A irin wannan shari'a alƙali ba ya neman hujja mai tsananin ta shari'ar laifi, yana duba ne wane ɓangare maganarsa ta fi rinjaye, kuma ƙa'idar tamu ce tun asali, hujja tana kan mai da'awa rantsuwa kan wanda ya musa.

Yanzu ga inda na fi jin tsoro a kanka. Ummu Salama ta ruwaito, yana cikin Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) ya ce kuna kawo min husumarku, wataƙila waninku ya fi wani iya tsara hujja in yanke masa bisa abin da na ji, duk wanda na yanke masa wani abu daga haƙƙin ɗan'uwansa kar ya karɓa, yankin wuta ne na yankar masa. Ka duba fa, Manzon Allah ne alƙalin, amma hukuncin bai halatta wa mutum abin da ba nasa ba, ina ga wani alƙali daban. Don haka in wata uku kake bi kar lauya ya rubuta shida wai don a samu na ragi, kar ka ƙirƙiri ciwon da ba ka yi ba, kar ka kawo shaidar zur ko da kuwa kai ne mai gaskiya, kar ka ba kowa na goro a kotun. Aya ta 188 a Baƙara ta hana a kai dukiya wurin mahukunta don a ci haƙƙin mutane da saɓo ana sane. Kamfani azzalumi ne a nan, na yarda, amma zaluncinsa bai buɗe maka aljihunsa gaba ɗaya ba.

Kuɗin ruwan da ake ɗorawa kan bashi saboda jinkiri riba ce, ka ce wa lauyanka ya cire shi daga buƙatunku. In kotu ta haɗa da shi da kanta, ka ware shi ka zuba cikin maslahar jama'a ko ka ba mabuƙata, ba da niyyar sadaka ba, da niyyar rabuwa da shi. Kuɗin da ka kashe na gaske wajen bin shari'ar kuwa daban ne, Ibn Taimiyya ya ce mai taurin bashin da ya tilasta wa mai haƙƙi kai ƙara shi zai ɗauki ɗawainiyar da aka saba kashewa. Ɗaukar lauya wakilci ne kuma ya halatta, ku dai yanke ladansa a fili tun farko.

Mutanen bakin rafi kuma, tasu ta ma fi ƙarfi, don cutar ta shafi jama'a da dabbobi da gonaki. "La darara wa la dirar", ba cuta ba cutarwa, hadisi ne da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, malaman fiƙihu suka gina ƙa'idar cewa cuta gusar da ita ake yi. Annabin da ya hana mutum ɗaya yin fitsari a ruwa mai tsayuwa, yaya kake gani da bututun da ke tsiyayar da guba dare da rana? Abu biyu za su nema, umarnin kotu a tsayar da sakin ruwan tun kafin a gama shari'a, da kuma diyyar abin da aka ɓata haɗe da gyaran wurin. Ƙa'idar nan ta cewa wanda ya gurɓata shi zai biya, wadda ke cikin sanarwar taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan muhalli da aka yi a birnin Rio a 1992, mu a fiƙihu lamuni muke ce mata, wanda ya ɓata ya biya. Wasu ƙasashen har kotu ta musamman suka ware wa muhalli, kamar Indiya a 2010, da Kenya. Wahalar irin wannan ƙara ita ce tabbatar da cewa cutar daga masana'antar ta fito, shi ya sa ake kai ruwan ɗakin gwaji a kuma kira likitoci da masana, kuma shari'a ta san da komawa ga ma'abota sani.

A nan kai ma akwai nauyi a kanka, domin ka ga abin da idonka daga ciki. In suka kira ka shaida ka je, Allah ya ce kar ku ɓoye shaida, wanda ya ɓoye ta zuciyarsa mai zunubi ce. Ka faɗi iya abin da ka gani, haushin korar kar ya sa ka ƙara gishiri. In kuma kamfanin ya zo maka da sulhu bisa sharaɗin ka yi shiru kan ruwan, ka nemi haƙƙinka ka ƙi sharaɗin, domin kana da ikon yafe naka amma ba ka da ikon sayar da na masu shan rafin.

Wallahu a'alam.