Tambaya da Amsa: A Ina Zan Sami Wayar Lantarki ta Ƙwarai da Masu Gwajin Taransifoma?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gina masana'antar casar shinkafa a bayan garin Kura, kuma sai na jawo layin 33kV na kusan kilomita ɗaya, in kafa taransifoma mai 500kVA. Dillalai uku sun kawo mini farashin waya, ɗayansu ya fi sauran araha nesa ba kusa ba. Wa zan amince wa, kuma a ina ake gwada irin waɗannan kaya? Daga wani mai karatu a Jihar Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji, Allah ya sa albarka. Shawarata ita ce ka fara da masu ƙera wayar, kafin ka saurari dillalai. A Nijeriya akwai kamfanoni irin su Coleman a Jihar Ogun, da Cutix a Nnewi, da Nigerchin a Legas, saboda haka ka tuntuɓi wanda ka zaɓa, ya faɗa maka ko yana yin irin wayar da kake buƙata, kuma wane ne wakilinsa na gaskiya a Kano. Wayar da aka ƙera a gida ta zo da shaidar inganci ta MANCAP daga hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, wato SON, wadda aka shigo da ita kuwa ta zo da SONCAP.

Wannan farashin mai araha shi ne ya fi tsaya mini a rai, domin a harkar waya araha ba ta ado. Wayar saman fal yawanci ta alminiyom ce, ko zalla, wato AAC, ko mai zuciyar ƙarfe, wato ACSR, kuma inda ake ha'inci shi ne a rage kaurin silin, a bar lambar da ke jikin daram yadda take. Sa injiniyanka ya yanko taƙi guda a gabanka, ya warware, ya ƙirga silin, ya auna kaurin kowanne. Wayar jan ƙarfe ta cikin masana'anta ma haka: kankare bakinta da wuƙa, idan fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, to alminiyom ne aka yi wa riga, alhali kusan kashi 61 cikin 100 kawai yake ɗauka na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa yake ɗauka. A ma'aunin ƙasa da ƙasa na IEC 60228, turjiya, wato yadda waya ke hana wuta wucewa, ta wayar jan ƙarfe mai 2.5mm² ba ta wuce om 7.41 a kilomita guda a zafin digiri 20, ke nan naɗin mita 100 ya nuna kusan om 0.74. Wayar da turjiyarta ta zarce haka zafi za ta riƙa yi, injinanka su riƙa jan wuya, ran da aka yi rashin sa'a kuma gobara ta tashi.

Gwaji kuwa iri biyu ne, kuma mutane da yawa suna cakuɗa su. Na farko shi ne gwajin babban ƙarfi, inda ake haɗa wa taransifoma gajeriyar hanya da gangan, wato a haɗe bakin wayoyinta wuta mai yawa ta kwarara, a ga ko naɗinta zai jure bugun. Wannan sai manyan ɗakunan gwaji irin su KEMA da ke Arnhem a Holan, da CESI a Milan ta Italiya, da CPRI a Indiya, kuma a kan samfuri ake yinsa, ba a kan kowace taransifoma ba. Don haka ba kai za ka ɗauki taka zuwa can ba. Ka nemi mai ƙerawa ya ba ka cikakken rahoton gwajin bisa ma'aunin IEC 60076-5, ka tabbatar girman da ƙarfin da aka rubuta sun yi daidai da taka, sa'annan ka aika wa ɗakin gwajin lambar rahoton su gaskata shi.

Na biyu shi ne gwajin da ake yi a filinka bayan an kafa kaya: a auna rufin waya da na'urar da ake kira mega, a gwada man taransifoma, a auna wayar ƙasa, wato wayar kariya da ake haɗawa da ƙasa. Wannan aikin injiniya mai rajista da COREN ne, wato hukumar kula da aikin injiniyoyi, daga nan hukumar NEMSA mai duba ingancin aikin lantarki, wadda dokar 2015 ta kafa, ta zo ta duba ta ba da takardar shaida. Tun da Kura tana yankin kamfanin rarraba wuta na KEDCO, ka kai musu zanen layin su amince da kaurin wayar tun kafin ka biya ko sisi, kuma ka riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har sai takardar NEMSA ta shigo hannunka.