Amsa a group ɗin gida: allurar RSV da aka ce za a yi wa jaririya

Salamu alaikum. To ƙanwata, na saurari muryarki tun jiya, aiki ne ya riƙe ni. Kin ce a asibitin da kika haihu can Amurka sun ce za su yi wa 'yar taki allurar RSV, ke kuma kina ɗari-ɗari don ba ki san ta a katin rigakafin gida ba. Ki bari su yi mata, don Allah.

Shi RSV ɗin nan ƙwayar cuta ce mai kawo mura. A jikin babba mai lafiya, galibi 'yar mura ce ta kwana biyu. Amma jariri ɗan wata ɗaya ko biyu, hanyoyin iskar huhunsa sirara ne ƙwarai, majina kaɗan ta toshe su. Sai ki ga yaro ya kama nono ya saki, ya kama ya saki, ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, ƙofar hancinsa na buɗewa. Ni a bakin aiki na sha ganin irinsu an sa musu iskar oksijin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 kusan 100,000 duk shekara, kuma mafi yawansu a ƙasashe irin namu ne.

Allurar kuwa, sunanta nirsevimab, a kwalin za ki ga Beyfortus. Ta sha bamban da irin ta ƙyanda. Waccan koya wa jiki take ya haɗa sojojinsa, sai an ɗau makonni. Wannan sojojin ne a shirye ake zuba wa yaro, aro dai, su tsare shi kamar wata 5, wato su fitar da shi lokacin sanyi. Sau ɗaya ce, a cinya. A 2023 aka amince da ita a Amurka. Kafin ita akwai Synagis, wadda sai duk wata ake yi, ga tsada, shi ya sa bakwaini da masu ciwon zuciya aka fi ba wa.

Abu ɗaya kawai: in an yi miki allurar Abrysvo, wato rigakafin RSV da ake yi wa masu juna biyu, kina da ciki, ki faɗa musu, don galibi ba a haɗa biyun.

Ku kuma na gida, Hajiya kina ji ko, mai mura ya daina sumbatar jariri ranar suna. In kun ga ƙirjin nan na lotsawa, ba maganar man zafi ba ce, a ɗauke shi sai asibiti ko da tsakar dare ne. Bari in tafi, ana kira na.