Yawon jirgin ruwa a lokacin sanyi: "Ejan ya ce bizar shiga sau ɗaya ta wadatar"

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Agege. Ni da maiɗakina mun biya kafin alƙalami na yawon buɗe ido a watan Janairu: jirgin sama daga Legas zuwa Barselona, daga nan jirgin ruwa zuwa Kasabalanka da tsibiran Kanari, a dawo Barselona, duk a kuɗi ɗaya. Ejan ya ce bizar shiga sau ɗaya ta wadatar, in an isa Maroko mu yi zamanmu cikin jirgi. Hankalina bai kwanta ba, ga shi yana matsa mini in cika kuɗi.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Kada ka ƙara masa ko sisi tukuna.

Wannan zance na "ku yi zamanku cikin jirgi" kullum sai na ji shi a ofis, kuma na rasa wanda ya ƙirƙiro shi. Da jirgi ya ɗaure a tashar Kasabalanka, kana cikin Maroko, ko ka taka ƙasa ko kana kwance a ɗakinka. Kamfanonin jiragen nan suna rubutawa a sharuɗɗansu cewa takardun tafiya nauyin fasinja ne, kuma tun a Barselona ake duba fasfo kafin a hau. In ma'aikaciyar da ke kan tebur ta buɗe shafin biza ta ga bai cika ba, sai ta rufe fasfon ta miƙo maka. Babu roƙo, babu "a taimaka", kuma yawanci babu mayar da kuɗi. Ejan kuwa yana nan Legas, wayarsa a kashe.

Duba hanyar taku da kyau. Barselona ta ƙasar Sifen tana cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, saukarku a filin jirgi ta cinye shiga ta farko. Kasabalanka waje take, ke nan kun fita. Tenerife da Las Palmas na tsibiran Kanari ƙasar Sifen ce, duk da suna gefen Afirka, ke nan shiga ta biyu. Bizar shiga sau ɗaya ta riga ta mutu tun ranar da kuka bar ruwan Turai. Abin da kuke buƙata shi ne mai shiga biyu ko mai shiga da yawa. Sannan Maroko ma tana neman biza a fasfon Najeriya, don haka a sa kamfanin jirgin ya faɗa a rubuce abin da yake so a gani kafin ya ɗauke ku. Kamfanin, ba ejan ba. Ba kuma wani abokin kasuwa da ya ce shi ya je bara ba a tambaye shi komai ba. Je ka bincika, ƙila fasfon Ingila gare shi.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne ba ɓoyayyen abu ba ne. Kuɗin bizar Shengen yuro 90 ne ga babba tun 2024, kuma ba ya dawowa in an hana. Ana iya nema tun wata 6 kafin tafiya. Amsa kan ɗauki kwana 15, tana iya kaiwa 45, ban da jiran ranar ɗaukar hoton yatsa. Sai inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Ejan da bai san wannan ba, sayar da tikiti kawai ya iya.

Tikitin jirgin saman ma ka tambaya: kamfanin jirgin ruwan ne ya haɗa shi, ko ejan ne ya saya daban ya liƙa? In na biyun ne, jirginku ya makara daga Ikeja ko kuka rasa na canji a hanya, jirgin ruwa zai tashi a kan lokacinsa, ku bi shi tashar gaba da kuɗin aljihunku. Ku sauka Barselona kwana ɗaya kafin ranar tashi, ko da za ku biya otal.

Ku ɗauki rigunan sanyi na gaske, Barselona a Janairu ta fi hunturun Jos cizo, sai an gangara Kanari ake ɗan jin ɗumi. A faɗa wa kamfanin batun abincin halal tun yanzu.

Gobe ka je ofishin ejan da kanka, ka karɓi lambar rajistar ɗakinku a jirgin, ka shiga shafin kamfanin ka ga sunanka da na Hajiya kamar yadda suke a fasfo. Ka karɓi jadawalin soke tafiya, domin tarar tana hawa ne yayin da ranar ke matsowa. In ya fara kame-kame kan lambar nan, ka nemi kafin alƙalaminka tun bai ƙaura daga shagon ba.