Amsa ga malamar da ta ce ta fara ƙosawa da ɗalibanta

'Yar'uwa, kin ce shekararki shida kina koyarwa, yanzu ko kin kwana kina barci a gajiye kike tashi, hayaniyar yara ta fara ƙona miki rai, alhali mijinki magini ya fi ki shan rana amma shi garau yake. Kina tambaya ko ragwanci ne. Wallahi ba ragwanci ba ne, ni ma na taɓa shiga wannan hali.

Shekara tara na yi ina aikin jinya, galibi na dare. Gajiyar tsayuwa ba ta dame ni ba, wanka da barci kan kore ta. Abin da ya firgita ni shi ne daren da wata dattijuwa ta kira ni tana nishi, na ji zuciyata ko gezau, har haushinta nake ji. Ni da nake hawaye idan mara lafiya ya cika! Daga baya na fahimci abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019, cewa matsin aiki da aka bari ya daɗe yakan zo da alamu uku: ƙarfi ya ƙare, mutum ya tsani aikinsa, kuma ya ga ba ya tsinana komai. Duka ukun sun taru a kaina.

Maigidanki in ya ajiye cebur, aikin ranar ya ƙare, ga kuma katangar da ya ɗora yana gani da idonsa. Ke kuwa littattafan gyara suna biyo ki gida, damuwar yaron da ya kasa karatu tana kwana a ranki, kuma ba ke kike tsara yawan ɗaliban ajinki ba. Nauyi mai yawa ba tare da ta-cewa ba, shi ya fi cinye mutum. Maigidan naki ma dai ya kula, domin hukumar ta nuna a 2021 cewa aikin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Hutun mako biyu bai warkar da ni ba, ina komawa abin ya dawo. Sai da na zauna da shugabarmu aka rage mini kwanan dare, na kuma daina ɗaga wayar aiki ranar hutu. Ki fara zuwa asibiti tukuna, don ƙarancin jini da ciwon damuwa sukan zo da irin wannan kasala. Sannan ki rubuta abu biyu da suka fi danne ki a makarantar, ki kai wa shugabanku a wannan makon.