Ga ɗan'uwan da albashinsa ba ya kai tsakiyar wata

Salama a gare ka, ɗana. Na karanta tambayarka. Ka ce kai malamin makaranta ne, da mata da yara uku, kana fid da zakka kowane wata, ba ka fashin sujada, ka yi azumi da addu'a a kan maganar kuɗi, amma albashi ba ya kai ran goma sha biyar, ga bashin manhajar waya ya hau kanka. Kana so ka san ko wata la'ana ce ke bin ka, in kuwa hali ne, wanne za ka sauya. Waɗansu sun ce ka je a yi maka addu'ar kuɓutarwa, waɗansu sun ce ka shuka iri a wurin wani bawan Allah, wato ka kai masa kuɗi don Allah ya ninka maka. Ni malama ce da ta yi ritaya, na kuma daɗe ina riƙe da asusun Zumuntar Mata da adashinta a ikilisiyarmu a kudancin Kaduna. Kuɗin gidaje da yawa sun bi ta hannuna, kukansu ma ya bi ta kunnena. Da wannan nake maka magana.

Ka buɗe 2 Sarakuna sura 4. Matar da ta zo wurin Elisha gwauruwa ce, mijinta yana cikin ƙungiyar annabawa, ita kanta ta shaida cewa mai tsoron Ubangiji ne. Duk da haka ya rasu da bashi, har mai bin bashin ya zo zai kwashe 'ya'yansu biyu su zama bayi. Ka ga ke nan mutum na iya tsoron Allah da gaske, sha'anin kuɗinsa kuma ya dagule. Elisha bai yi mata zancen la'ana ba. Tambayarta ya yi abin da take da shi a gida, ta ce ba komai sai ɗan tulun mai, ya ce ta aro tuluna ta riƙa zuba man a ciki. Da man ya cika tuluna kuma, ce mata ya yi ta sayar ta biya bashin, ita da yaran su ci sauran. Ubangiji ya yi al'ajabi, amma sai da ta san abin da ke ɗakinta, ta yi aron tuluna, ta kai man kasuwa, ta fara da mai bin ta bashi. Wannan jerin nake so ka riƙe.

Ba zan ɗora maka laifin komai ba. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da na abinci suka tashi, albashi bai bi su ba. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, amma makarantu masu zaman kansu da yawa ba sa biyan hakan. Wahalar gaskiya ce. Sai dai na ga gidaje biyu masu albashi ɗaya, yara ɗaya, unguwa ɗaya, wannan yana lallaɓawa, wancan kullum yana hannun masu bashi. Bambancin da nake gani kusan koyaushe abu biyu ne: ɗaya ya san inda kuɗinsa ke zuwa, ya kuma koyi cewa "ba ni da hali" ba tare da ya ji kamar ya yi saɓo ba.

Na farkon mai sauƙi ne a faɗa. Ka sayi littafin rubutu irin na ɗalibanka, kai da mai ɗakinka ku rubuta duk abin da ya fita daga aljihu har wata ɗaya, har da kuɗin acaɓa, da katin waya, da cajin mai POS, da tsiren da ka tsaya ka ci a hanya. Karin Magana 27:23 ta ce mutum ya san halin da garkensa ke ciki sarai. Makiyayi yana ƙirga dabbobinsa kowace yamma, kai kuwa albashi ne garkenka. Naira 500 a rana ba ta yi kama da komai ba, amma 15,000 ce a wata, 182,500 a shekara. In akwai cacar ƙwallo a cikin lissafin, ka rubuta ta da sunanta, kada ka saka ta ƙarƙashin "sauransu". Na ce kai da mai ɗakinka don na sani maza da yawa a cikinmu ba su taɓa gaya wa matansu nawa suke ɗauka ba. Matar da ba ta san albashin mijinta ba, za ta riƙa roƙo bisa zato, shi kuma ya riƙa cin bashi don kada girmansa ya zube. Ka nuna mata saƙon banki, ka nuna mata bashin duka. Za a yi fushi, wataƙila a yi kuka, amma daga ranar kun zama mutum biyu a kan matsala ɗaya.

Na biyun shi ne mai wuya, nan ne kuma zan daɗe, domin a cikin ikilisiya yake ɓuya. Yawancin bashin da na gani a wurin 'yan'uwanmu ba na asibiti ba ne. Na kunya ne. An fitar da anko na auren 'yar dattijo, kada a ce matarka ba ta yi ba. Ana gidauniyar ginin majami'a, an kira sunanka a lasifika, ka miƙe ka ce 50,000 alhali 10,000 ma sai ka yi dabara. An yi rasuwa a ƙauye, an ajiye gawa makonni a asibiti ana biya, a buga riguna da hoton mamacin, a kama rumfuna da kujeru, a dafa abin da zai ishi gari guda, bayan jana'iza kuma gwauruwa ta rasa kuɗin makarantar marayu. Na riƙe littafin alkawura, na san yawan waɗanda suka yi alkawari a gaban jama'a daga baya suka riƙa kauce mini a ƙofar majami'a. Waɗansu har sun daina zuwa sujada saboda wannan. Abin yana ci mini rai, domin mutanen kirki ne, kunya ce ta kore su daga gidan Ubansu.

Littafi Mai Tsarki bai nemi wannan daga gare ka ba. A 2 Korintiyawa 8:12 Bulus ya ce ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba. A sura 9 ya ce kowa ya bayar yadda ya ƙudura a zuciyarsa, ba da tilas ba. Mai-Wa'azi 5:5 ya ce gara kada ka yi wa'adi da ka yi ka kasa cikawa. Hananiya da Safiratu ma, ma'auratan nan na Ayyukan Manzanni 5 da suka sayar da gona suka kawo wani kaso na kuɗin kamar duka ne, Bitrus ya gaya wa Hananiya cewa gonar tasa ce, kuɗin ma a hannunsa suke. Abin da ya hallaka su shi ne son a ɗauke su masu bayarwa fiye da yadda suke. Saboda haka ka ci gaba da zakkarka tun da ka ƙudura ta tsakaninka da Allah. Amma gudummawar aure, da anko, da gidauniya, ku ware musu adadi ɗaya a wata, in ya ƙare ya ƙare. Ka je wurin biki da tsohuwar rigarka a wanke a goge, ka taya ɗaukar kujeru, ka yi addu'a da zuciya ɗaya. Makon farko za a yi magana. Bayan haka za ka ga waɗansu suna zuwa a ɓoye suna tambayarka yadda ka yi.

Maganar shuka iri kuwa, ɗana, kada ka ci bashi ka kai wa kowa don a ninka maka. 1 Timoti 5:8 ta yi magana mai zafi a kan wanda bai kula da iyalinsa ba. Wannan ɗokin na a ninka kuɗi cikin dare shi ne ya jefa mutane cikin MMM, wadda ta yi alkawarin kashi 30 cikin 100 a wata ta kuma rufe asusun mutane a Disamba 2016, ana gab da Kirsimeti. Shi ne ya sake kai su CBEX, wata harkar ninka kuɗi irinta, da ta rushe a Afrilu 2025. Masu kawo irin wannan sau da yawa 'yan'uwa ne da ake zama benci ɗaya da su, su ma ruɗinsu aka yi. Garin neman ƙiba aka samo rama. Karin Magana 13:11 ta ce dukiyar da aka tara kaɗan-kaɗan ita ce ke ƙaruwa, ban kuwa taɓa ganin akasin haka ba a tsawon zamana da asusu.

Sai lissafin shekara. Mai albashi yana tunani wata-wata, amma abin da ke karya shi na shekara ne, kuma ba ya zuwa ba zato. Kowa ya san Satumba da Janairu da bayan Ista akwai kuɗin makaranta. Kowa ya san ranar Kirsimeti, kowa ya san watan da mai gida zai zo karɓar haya. Yusufu ya ba Fir'auna shawara a Farawa 41 a ajiye kashi ɗaya cikin biyar a shekarun ƙoshi, don ya san na yunwa suna tafe. Ba na ce ka iya kashi ɗaya cikin biyar yanzu ba. Ka haɗa haya da kuɗin makaranta na zango uku da hidimar Disamba, ka raba gida goma sha biyu, ka ga adadin. Abin da ka iya daga ciki ka fitar ranar da albashi ya shigo, kafin ka sayi ko gishiri, ka kai inda hannunka ba ya kaiwa da sauƙi. Adashi yana da amfani a nan, in mai riƙon amintacce ne kuma ka roƙi kwasarka ta faɗo a Agusta ko Disamba. Asusun haɗin kai na ma'aikata da ake cirewa daga albashi ma ya taimaki malamai da yawa da na sani.

Mu a gidanmu hatsi ne ya riƙe mu. Da kaka, lokacin da masara ke cika kasuwanni irin na Saminaka, mukan sayi ta ci ta shekara da wake, mu zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a ɗaure kowace da kyau, ba sai an sa magani ba. A 2015 da jihohi da yawa suka yi watanni ba su biya albashi ba, tuwo bai yanke mana ba, har muka auna wa maƙwabta. Don ci nake nufi, ba don kasuwanci ba, domin akwai shekarar da farashi ba ya tashi yadda ake zato.

Yanzu bashin wayar. Karin Magana 22:7 ta ce mai cin bashi bawan mai ba da shi ne, kai ma ka ɗanɗana: wa'adin mako ɗaya ko biyu, ruwa mai nauyi, in ka makara a tura wa mutanen da ke cikin wayarka saƙon cin mutunci. Abin da ke nutsar da mutane shi ne cin na biyu don a biya na farko. Daga yau ka tsaya. Ka rubuta su duka, ka fara da wanda ruwansa ya fi gudu. In akwai abin sayarwa a gida da za ku iya zama ba tare da shi ba, ka sayar. Ka je wurin fastonka ko dattijo ɗaya mai riƙe sirri kafin saƙon ya riga ka zuwa wurinsa, ka faɗa masa da bakinka. Ikilisiyoyi da yawa suna da ɗan asusun taimako, ko a sami ɗan'uwa ya ranta maka ba ruwa ka biya a hankali. Wanda ka gama da shi ka goge manhajar nan take. Kai malami ne, kana da abin da iyaye ke biya a kansa: darasin yamma ga yaran da za su rubuta jarrabawar WAEC ko JAMB. Kuɗin darasin kada ya shiga tukunya, ya tafi bashi kai tsaye har ya ƙare.

'Yan'uwa na ƙauye kuma kada ka yanke su. Ka gaya wa iyayenka adadin da za ka iya turawa kowane wata, ko kaɗan ne, ka kuma cika shi ba fashi. Tsofaffi sun fi son abin da za su dogara da shi a kan babban kuɗin da ke zuwa sau ɗaya a manta da su wata huɗu.

Addu'ar da kake yi ka ci gaba da ita, sai dai ku yi ta ku biyu, littafin yana buɗe a gabanku, kuna kiran kowane bashi da sunansa da adadinsa. Watanni ukun farko za su yi ɗaci, musamman in sun haɗa da Disamba, don haka ku gaya wa yaran tun yanzu cewa kayan Kirsimetin bana ɗinki ɗaya ne kowa. In kun cika wata ɗaya kuna rubutawa, ka dawo ka gaya mana abin da ya fi cin kuɗin, sai mu duba tare inda za a rage. Ka gai da mai ɗakinka da jikokina.